Indomi Nawa Ne a Cikin Ƙaramar Mota? Ga Yadda Za Ka Duba da Wayarka

Darasinmu na yau ya leƙa ƙarƙashin mota, amma dai wayarka ce za ta yi aikin.

A ce ka yi shekaru kana auna shadda da atamfa a Kantin Kwari, ka tara kuɗi za ka sayi 'yar Corolla ko Civic. Kafin ka biya, ka tambayi indomi. Haka makanikai ke kiran wata tukunya da ke jikin salansa, saboda cikinta ƙananan ramuka ne jere kamar taliyar da ba a dafa ba. An shafe ramukan da filatinam, faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske da ke rage gubar hayaƙi kafin ya fita. A Amurka aka fara sa ta gadan-gadan, daga motocin 1975. Tsadar nan ce ta sa ake fasa tukunyar, a kwashe cikin, a yi walda, a miƙo maka makulli.

To, guda nawa ce? Mota mai silinda 4 takan zo da ɗaya ko biyu. Idan biyu ne, ta farko tana manne kusa da inji, domin ba ta fara aiki sai ta yi zafin kusan digiri 250 zuwa 300, ta biyu kuma tana ƙarƙashin mota. Injin V6 yana da layin silinda biyu, kowane da tasa, wani lokaci har da ta uku. Kada ka ƙirga babbar tukunyar can baya, ta rage ƙara ce kawai.

Yanzu ga wayar. Nemi 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka soka ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da shi. Sauke manhajar Torque ko Car Scanner, ka tayar da mota, ka haɗa. Lambar P0420 na nufin indomi ba ta aiki yadda ya kamata, ko ma babu ita. P0430 kuwa ta ɗaya ɓangaren V6 ce.

Sai dai rashin lamba ba hujja ba ne, don goge ta aikin minti ɗaya ne. Ka shiga shafin gwaje-gwajen hayaƙi. Idan ya nuna ba a kammala gwajin indomi ba, wataƙila kwanan nan aka goge, ko aka cire batir. Ka zaga da motar sosai, ba cikin cunkoson Fagge kaɗai ba, har da babban titi, sannan ka sake dubawa.

Daga nan ka kai ta wurin makanikinka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi ya nemi sabuwar walda a jikin tukunyar. In ya gani, ka fara jin farashin wata a Ƙofar Ruwa kafin ku koma kan ciniki.