Digirin nazarin laifuka ba ya zuwa da kaki

Wasiƙar farko da mai gabatar da wani shirin amsa wasiƙu ya buɗe daga Kuchi ta fito, a ƙaramar hukumar Kebbe. Wani saurayi ne da ya kammala sakandare. Ya ce ya gaji da ganin 'yan bindiga na kora shanun mutane, yana son ya karanta nazarin laifuka a jami'a, yana kuma tambaya ko da ya gama za a sa masa kaki.

"Ƙanena, Allah ya cika maka buri, amma digirin daban, ɗaukar aikin daban," in ji mai gabatarwa. Ya ce kwas ɗin ɗan uwan nazarin zamantakewa ne. Ana koyon abin da ke jefa mutum cikin laifi, da yadda ake bincike a adana shaida, da kuma ko ɗauri na gyara mutum ko ƙara lalata shi yake yi. Shekara huɗu ake yi. Jami'ar Bayero ta Kano na koyar da shi, haka Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiya a Sakkwato, wadda ta fi dacewa da wanda ke bakin aiki. Kiredit biyar ake nema, har da Turanci da Lissafi.

Wanda kuwa aikin ɗan sanda ne ya shiga ransa, Wudil ya kamata ya nufa, a jihar Kano. Makarantar 'yan sanda ta can shekara biyar ce, ana fita da digiri da muƙamin ASP, amma daga shekara 17 zuwa 22 take ɗauka. Ya ja wa saurayin kunne kada ya tsaya ruwan ido har shekarunsa su wuce.

Wata uwa daga Dogon Daji ta tambaya ko wannan kwas zai kai 'yarta ga zama lauya. "Hajiya, ba zai kai ta ba," ya ce mata kai tsaye. Sai ta karanta shari'a shekara biyar, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata, sannan ta je makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda. Hanyar da Aminu Waziri Tambuwal ya bi ke nan: ya gama a Sakkwato a 1991, ya zama lauya a 1992, tun kafin siyasa ta kai shi kujerar kakakin majalisar wakilai a 2011. Ya ƙara da cewa ko yarinyar ba ta zama lauya ba, ofisoshin 'yan sanda da gidajen gyaran hali na buƙatar mata, domin mace ce ke caje mace.

Inda shirin ya daɗe shi ne kan takardar wani dattijo daga garin Kebbe, wadda aka rubuta masa da hannu. Bai tambayi makaranta ba. Cewa ya yi mene ne amfanin wannan karatu, tunda ɗan maƙwabcinsa ya fi shekara a tsare ba a yanke masa hukunci ba?

Mai gabatarwa bai kauce ba, kuma a nan ne ya fi burgewa. "Baba, ranka ya daɗe, tambayarka ita ce gaba ɗaya karatun." Ya ce sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka bi da nasu irinta, ta ɗora wa majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga su wa ke tsare. Duk da haka, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Wani fayil ɗinsa ne ya ɓace, wani mai bincike aka canja wa wurin aiki, wani kuwa motar kai shi kotu ce babu. A wannan tsakani, daga kamu zuwa hukunci, ake ƙarancin masu ilimin aikin.

Ya kawo dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta mai da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, ta kuma buɗe sashen hukunci ba tare da ɗauri ba: aikin gayya ga al'umma, da saki bisa sharaɗi. Dole a sami jami'in da zai bi sawun wanda aka saka, ya rubuta wa kotu rahoto. Aiki ne marar jiniya, shi ya sa samari ba su cika ambatonsa ba, alhali shi ya fi dacewa da wannan digiri. Ya shawarci dattijon ya sa a kai maganar yaron ofishin hukumar ba da lauya kyauta da ke Sakkwato, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 saboda marasa hali.

Sauran ƙofofin a gurguje ya lissafa: NDLEA, EFCC, kwastan da shige da fice a iyaka irin ta Illela, da kamfanonin gadi masu zaman kansu.

Ana dab da rufe shiri saƙon waya ya shigo daga Sanyinna. Wani ne aka ce ya kawo kuɗi a samar masa gurbi a Sibil Difens, har yana shirin sayar da bijimin noma. "Malam, bar bijiminka a turke," in ji mai gabatarwa. Hukuma ɗaya ce ke ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens da gyaran hali da kashe gobara da shige da fice, ta shafinta na intanet ake nema, kuma ba a biyan ko kwabo. Ya ce masa ya adana lambar mutumin da saƙonnin da ya turo, ya kai wa DPO na Tambuwal.