Tsohuwar Fijo: Darasi a Kan Adana Tsofaffin Motoci

A wannan makon mun zaɓi mu yi nazari a kan tsofaffin motoci: yadda ake mallakarsu, yadda ake tuƙa su, da yadda ake adana su. Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu zai ga wasu daga cikinsu a gefen gareji, tayoyinsu sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Da yawa 'yan gwangwan sun riga sun farfasa su sun auna a sikeli. Idan aka ci gaba a haka, ƙannenmu ba za su san motar da aka taɓa haɗawa a Arewa ba sai dai a hoto.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da suke kira hot rod. Abin ya samo asali ne a jihar Kalifoniya a shekarun 1930. Matasa ba su da kuɗin sabuwar mota, sai su sayi tsohuwar Ford mai araha, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su gyara injin ko su sa mata wanda ya fi ƙarfi. Daga nan sai su tafi busassun tafkuna da ke hamada su gwada gudu. Wadda suka fi so ita ce Ford ta 1932, domin ta zo da inji mai silinda 8. Da tsere a kan titi ya fara jawo haɗurra, sai aka kafa ƙungiya a 1951 don mayar da shi filin da aka keɓe, mai dokoki. Har yau ana adana irin waɗannan motoci, ana kai su baje koli, jika ya gaji ta kakansa.

Mu a nan ba mu da wannan al'ada ta sauya inji don tsere. Amma muna da tsohuwar motar da ta cancanci irin wannan kulawa, wato Fijo.

Tarihin Fijo a taƙaice

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya ƙera ta. Ya fitar da 404 a 1960, sannan 504 a 1968. A 1975 aka fara haɗa motocin Fijo a masana'antar da ke Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har wajen 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. A wannan shekarar ta 1975 kuma wata 504 ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyi masu ƙura da laka.

Iyayenmu sun san ta sosai. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati. Doguwar cikinta ita ce motar haya daga tasha zuwa tasha, a-kori-kura kuma ta ɗauki shinkafa da albasa da kifi zuwa kasuwa. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, irin waɗannan motoci ne suka cika hanyoyinmu.

Me ya sa ta jure? Na farko, tana da tsayi daga ƙasa, don haka ramuka ba sa saurin taɓa cikinta. Na biyu, tayoyin baya ne ke tura ta, abin da ke taimaka mata idan ta ɗauki kaya. Na uku, injinta mai silinda 4 ba shi da kwamfuta. Bakanike mai sifana da sukudireba zai iya kwance shi ya mayar a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Abin da injinta ke koya mana

A darasin fasaha ana zana mana inji a allo. A tsohuwar Fijo kuwa, da an ɗaga bonet za a ga komai a fili. Kafireta tana haɗa fetur da iska. Fistin yana sauka ya zuƙo haɗin cikin silinda, ya hau ya matse shi, fulogi ya ba da tartsatsi haɗin ya kama da wuta ya tura fistin ƙasa da ƙarfi, sannan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙin zuwa salansa. Waɗannan su ne matakai 4 na aikin inji. Bakin mai yana hana ƙarafa cin juna, ruwan lagireto kuma yana kwashe zafi. Sababbin motoci ma haka suke aiki, sai dai an rufe nasu da roba da wayoyi, ba a ganin komai.

Abokan gabanta uku a yankinmu

Na farko shi ne zafin bazara. A watannin Maris da Afrilu zafi a Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40. Rana tana tsattsaga taya, tana busar da robobi, tana cinye fenti. Maganin wannan shi ne a ajiye mota a inuwa ko a rumfa, a duba ruwan lagireto da fanbel kafin a tashi. A kula: ba a buɗe murfin lagireto idan inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa zai iya feso wa mutum a fuska.

Na biyu shi ne ƙurar hunturu. Tana toshe matatar iska, inji ya riƙa shan mai da yawa. Idan kuma ta shiga cikin silinda sai ta riƙa goge ƙarfe a hankali. Dole a riƙa kakkaɓe matatar, a kuma canja bakin mai a kan lokaci.

Na uku shi ne tsatsa. Da damina hanyoyin fadamar Rima suna cika da laka. Lakar da ta manne a ƙarƙashin mota tana riƙe danshi, ƙarfe kuma idan ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa. Don haka a wanke ƙarƙashin mota, ba samanta kaɗai ba. Duk inda fenti ya ɓare a shafe shi da wuri, tun kafin ya zama rami da sai mai walda.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, wato a kulle mota shekara guda ana cewa ana adana ta. Ajiya ba motsi ita ma tana kashe mota. Batir ya mutu, fetur ya lalace a tanki, birki ya kame. Ya kamata a riƙa tayar da ita kowane mako, a ɗan zagaya da ita.

Batun tuƙi

Tsohuwar mota ba ta da jakar iska mai kare direba idan an yi karo, birkinta kuma bai kai na zamani kamawa ba. Saboda haka mai ita ya bi a hankali, ya bar tazara, ya ɗaura bel, ya tabbata fitilu da birki suna aiki, takardunsa kuma sun cika. Mu ɗalibai kuwa, doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Namu a yanzu shi ne kallo da tambaya da zane, ba ɗaukar makulli a ɓoye ba.

Me ya haɗa wannan da makomarmu?

Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne da ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru. Daga nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da kamfanin General Motors, inda ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A bikin kamun kifi na 2020 an yi jerin gwanon motocin da aka haɗa a Najeriya daga Abuja har Argungu. Wanda ya zauna a aji a garinmu ya kai can, to mu ma hanya a buɗe take.

Mutanen Argungu sun san darajar adana kayan tarihi. Gidan tarihi na Kanta yana ajiye makamai da kayan sarauta na Kabi, shi ya sa muke iya ganinsu da idonmu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Muna roƙon iyayenmu masu tsohuwar Fijo su yi tunani kafin su miƙa ta ga 'yan gwangwan. Muna kuma roƙon malamanmu su nemo mana ko da tsohon inji guda don ɗakin fasaha, su gayyato dattijon bakanike ya kwance shi a gabanmu. Tsofaffin kanikawan da suka san wannan mota suna raguwa, abin da suka sani kuwa ba a rubuce yake ba.

Aikin gida ga masu karatu

1. Lissafa matakai 4 na aikin inji.
2. Me ya sa laka ke jawo tsatsa?
3. Tambayi wani babba a gidanku motar da ya fara shiga zuwa Argungu ko Sakkwato, ka rubuta amsarsa, ka miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya yarda.