Darasi na 18: Auduga Mai Aure

Malanbil gari ne a arewacin ƙasar Benin, cikin yankin Alibori. Yana bakin kogin Kwara, daura da Gaya ta ƙasar Nijar. A fadama ana noman shinkafa da albasa. In aka yi kudu wajen Kandi da Banikwara, gonakin auduga ne ko'ina. Da kuɗin auduga iyaye da yawa suke saya wa ƴaƴansu littattafai da tufafi.

Wata rana da damina, malam ya kai ƴan aji shida wata gonar auduga a bayan gari. Auduga ta yi fure. Wasu furanni farare ne, wasu ja-ja.

Malam ya ce: "Fararen yau suka buɗe. Ja-jan nan na jiya ne. Ku matso ku duba cikin farin."

Yara suka duba. Suka ga wani ɗan tsinke a tsakiya. Kewaye da shi akwai wani gari mai laushi.

Malam ya ce: "Tsinken nan shi ne macen fure. Garin kuwa daga namijin fure yake. In garin ya sauka a kan tsinken, sai ƙwallo ya fito, da auduga da gurya a cikinsa. Galibi fure ɗaya shi ne uwa, shi ne uba. Amma masana aikin gona suna iya ɗaura wa iri biyu aure. Da yamma sukan cire namijin fure tun bai buɗe ba. Washegari da safe su ɗebo garin furen wani iri dabam, su shafa a kan tsinken. Guryar da za ta fito ita ce iri mai aure."

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, kamar alfadari ke nan?"

Malam ya yi murmushi ya ce: "Madalla! Uban alfadari jaki ne, uwarsa goɗiya. Ya fi jaki girma, ya fi doki jimiri. Auduga mai aure ma takan fi iyayenta yabanya. A shekarar 1970, a garin Surat na ƙasar Indiya, wani masani mai suna C. T. Patel ya fitar da irin da ake kira H-4. Ɗaya daga iyayen irin na Indiya ne, ɗayan asalinsa daga Amurka. Shi ne iri mai aure na farko da manoman auduga suka shuka da yawa a duniya."

Wata yarinya ta ce: "Malam, to me ya hana a aurar da kowane iri da kowane?"

Malam ya zana lissafi a ƙasa. Ya ce: "In masani yana da iri 20, zai iya ƙulla aure 190 tsakaninsu. Kowane aure sai an yi shi da hannu, an ba shi fili, an jira damina. Ba mai iya gwada su duka. Dole ya yi hasashe tun kafin shuka. Don haka yakan fara bincika iyaye, kamar yadda dattawa suke bincika asali kafin a ba da aure."

Ga yadda ake binciken. A jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado. Su ne suke sa ɗa ya yi kama da iyayensa. Ido ba ya ganinsu. Masani yakan tsinki ɗan ganye daga kowane iri, ya kai ɗakin bincike. Can na'ura take nuna alamomin gadon kowanensu. Sai a jera alamomin iri biyu, a ƙirga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. In sun saɓa a wurare kaɗan, dangi ne na kusa. In sun saɓa a wurare da yawa, akwai nisa tsakaninsu.

Auren dangi na kusa ba ya kawo ƙari sosai, domin abin da uwa ta rasa, uba ma ba shi da shi. In akwai ɗan nisa, kowane yana rufe raunin ɗan'uwansa. Wani yana jure fari, wani yana yawan ƙwallo. Ɗansu zai iya haɗa biyun.

Amma nisa ma yana da iyaka. Audugar da aka fi nomawa a duniya, har da Benin, asalinta daga Amurka ta Tsakiya ne. Akwai wata kuma mai dogon sili ƙwarai, wadda ake nomawa a Masar. In aka aurar da su, silin yakan yi kyau, amma shukar takan yi tsawo da yawan ganye, ta daɗe ba ta nuna ba. A Malanbil damina gajera ce. Audugar da ta makara, ruwa zai ɗauke ya bar ta.

Manomi yana duban nauyin audugarsa a kan sikeli. Masaƙa kuma tana duban sili: tsawonsa, da ƙarfinsa, da laushinsa. Abubuwan nan biyu ba hanya ɗaya ake gadonsu ba. Wajen yawan amfani, ɗa yakan iya wuce uwa da uba. Wajen sili kuwa, yawanci tsakiya yake tsayawa. In silin uwa milimita 28 ne, na uba 32, na ɗa zai faɗo kusa da 30. Saboda haka mai neman sili mai kyau sai ya zaɓi iyaye biyu masu kyawun sili. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yaron nan ya sake tambaya: "Malam, in na'ura ta faɗa, shi ke nan?"

Malam ya ce: "A'a. Na'ura tana taimaka wa masani ya rage yawan auren da zai gwada. Amma sau da yawa iyaye masu nisa sun haifi ɗa marar kirki. Gona ita ce alƙali. Sai an shuka, an auna, an sake shukawa a wurare dabam-dabam. Gani ya kori ji."

A Benin, hukumar binciken aikin gona ta INRAB, wadda aka kafa a 1992, ta yi wannan aiki. Akwai filin gwaji a Angaradebu, kusa da Kandi. Daga sunan garin aka raɗa wa irin ANG 956 suna. Irin da ake raba wa manoman Benin ba mai aure ba ne kamar H-4. Bayan an ƙulla aure, masana sukan yi shekaru suna zaɓen jikoki mafi kyau, har irin ya tsaya a kan hali ɗaya. Shi kuwa iri mai aure, in aka sake shuka guryarsa, ƴaƴan sukan bambanta: wani dogo, wani gajere, amfani ya ragu. Shi ya sa mai noma shi yake sayen sabo kowace shekara.

Kafin su koma aji, kowane yaro ya ɗaura zare a gindin fure ɗaya, don ya dawo ya ga ƙwallonsa.

Abin riƙewa

Ɗan nisa tsakanin iyaye yakan ƙara yawan auduga. Kyawun sili daga kyawun iyaye yake. Hasashe ba ya tabbata sai an gwada a gona.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

auduga: le coton
gurya: la graine de coton
sili: la fibre
garin fure: le pollen
iri mai aure: la semence hybride
ƙwayoyin gado: les gènes
alfadari: le mulet

Tambayoyi

1. Yaya ake ɗaura wa iri biyu na auduga aure?
2. Don me masani yake bincika iyaye kafin shuka?
3. Me ya sa audugar da take makara ba ta dace da Malanbil ba?
4. Me zai faru in aka sake shuka guryar iri mai aure?

Lissafi

A ƙaddara uwa ta ba da kilo 1,000 a eka ɗaya, uba kilo 1,200, ɗansu kilo 1,300. Nawa ne tsakiyar amfanin iyayen? Da kilo nawa ɗan ya wuce wannan tsakiya?

Aikin gida

Ku samo gurya ɗaya da audugarta. Ku taje silin, ku auna tsawonsa da ma'auni. Ku tambayi wani dattijo a gidanku irin audugar da ake shukawa yana yaro.