Amsar Tambaya: Ɗana ya cika wata 14 bai fara tafiya ba

Tambaya: Ɗana bai fara tafiya ba, amma a wurin awo an ɗaura masa tef a dantse, aka ce lafiyarsa ƙalau. In yarda? Daga wata uwa, Babura.

Amsa: 'Yar'uwa, tef ɗin nan tamowa kawai yake ganowa. Idan kaurin dantsen yaro mai wata 6 zuwa 59 ya gaza santimita 11.5, ya faɗa launin ja na tef ɗin ke nan, tamowa ta yi tsanani. Tef ɗin ma sai an ɗaura shi daidai tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In aka matse shi, lafiyayyen yaro ma kan iya faɗawa launin rawaya na tef ɗin.

Tafiya kuwa ma'auninta daban. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda har da yaran Gana a ciki, ya nuna lafiyayyun yara kan fara tafiya daga wata 8 zuwa kusan 18. Naki bai makara ba tukuna. Ki lura ko yana miƙewa dafe da gado, yana waiwayowa in an kira sunansa. In ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ki kai shi Babban Asibitin Babura tare da katinsa na awo.