Horon Doki: Tsakanin Fage da Kilisa

A ƙasar Kazaure doki abin alfarma ne. Ranar hawan Ƙaramar Salla da ta Babbar Salla hakimai da dagatai sukan zo da mahayansu su yi jafi a ƙofar fada, jama'a kuwa maƙil a gefe, har da yara ƙanana. Dokin da zai shiga irin wannan taro lalle ne ya sami horo iri biyu, watau na fage da na kilisa. Wanda ya sami ɗaya ya rasa ɗaya yakan jawo wa mai shi kunya, wani lokaci ma har asarar rai.

Horon fage

A fage ake koya wa doki jin linzami: ya tsaya in an ja, ya juya dama da hagu, ya ja da baya, ya yi taƙama, ya yi sukuwa, ya yi zamiya. A zaɓi fili mai ƙasa mai laushi, marar duwatsu da ramuka. A fara da tafiya da sassarfa har jikinsa ya yi ɗumi, sa'an nan a shiga aiki mai ƙarfi. Minti 20 zuwa 30 ya isa. In ya yi abin da ake so, a sassauta masa linzami nan take, domin da wannan yake gane ya yi daidai. Yawan fizga da ƙaimi yakan yanka baki, ya kashe shi, har doki ya daina jin linzami sam. Zamiya kuwa tana cin ƙafafun baya, kada a maimaita ta kullum, kada kuma a sa duƙushi, gama ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5.

Kilisa

Dokin da bai san kome ba sai fage yakan ƙosa, ya koyi tutsu da gardama. Maganinsa kilisa da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, linzami a sake. Hawa tudu a hankali, irin na wajen Kazaure da Roni, yana ƙarfafa cinya da baya, amma a lura da kofato a kan tsakuwa. Yashi irin na wajen Babura yana ƙara ƙarfin numfashi, sai dai sukuwa a cikin mai zurfi tana ɓata jijiya. A kan hanya kuma yake sabawa da mota da babur da garken shanu, ta haka ƙarar bindiga da kakaki ba za ta firgita shi sosai ba. Da damina a bi burtali, kada a shiga shukar mutane.

Yadda za a raba mako

Kwana 2 a fage, ba a jere ba. Kwana 4 kilisa. Kwana 1 hutu, a rage masa hatsi a ranar. Wannan ragi ba rowa ba ne. Dokin da ya daɗe a turke yana cin dawa cike da akushi, in aka fito da shi farat ɗaya aka sukwane shi, naman cinyarsa yakan sandare, fitsarinsa ya yi duhu. In an ga haka a sauka, kada a tilasta masa tafiya, a nemi malamin dabbobi.

Bayan kowace fita muri ya zagaya da shi har gumi ya bushe, ya duba bayansa da wurin majayi ko sirdi ya ƙuje shi, ya ba shi ruwa, hatsi kuwa sai ya huce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son hawan salla ya fara shiri tun da sauran wata 2 ko 3.