Yadda Ake Zaƙulo Funfunar Cikin Ganye A Gwada Ƙarfinta

Ganyen darbejiya mai lafiya, shar da shi ba tabo, yana ɗauke da ƙwayoyin funfuna a cikin tsokarsa waɗanda ba sa sa masa cuta. Masana sun ƙara zuba musu ido tun 1993, lokacin da aka ba da rahoton cewa wata funfuna daga cikin wata bishiya a Amurka tana samar da taksol, maganin ciwon daji. Ga yadda ake fito da su a ɗakin gwaji.

A tsinko ganye mai lafiya, a fara aiki a ranar. Sai wanki, kuma nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe, domin a bayan ganye akwai funfunar ƙura da iska, wadda ba ita ake nema ba. A ɗauraye da ruwan famfo, a tsoma cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti 1, a mayar cikin ruwan bilic da aka sirka na kimanin minti 3, sannan a ɗauraye sau 3 da tataccen ruwa da aka kashe wa ƙwayoyi. In bilic ya yi yawa, har na ciki ya kashe. In ya yi kaɗan, 'yan waje su mamaye farantin da za a jera ganyen a kai. Don haka a zuba ɗigon ruwan ɗaurayar ƙarshe a wani faranti daban mai abincin funfuna. Duk abin da ya tsiro a can, to wankin bai yi ba, a sake. Ɗalibai kan tsallake wannan saboda gaggawa, kuma ni ban yarda da sakamakon da ba shi da wannan farantin shaida ba.

Abincin funfunar shi ne romon dankalin turawa gram 200, gulukos gram 20 da garin aga gram 15 a lita 1 ta ruwa. A dafa a tukunyar turiri, zafin digiri 121, minti 15, a sa ɗan kuloramfenikol don hana bakteriya. A zuba abincin a faranti, in ya daskare a yayyanka ganyen ƙanana, a jera a kai, a ajiye a zafin digiri 25 zuwa 28. Cikin kwanaki zare zai fara leƙowa daga bakin yanka. A ɗebi ƙarshensa zuwa sabon faranti, har a samu iri ɗaya tsantsa.

Sai karawa. A dasa funfunar a gefe guda, a ɗaya gefen kuma mai cuta, kamar Fusarium mai sa tumatir yaushi ko Aspergillus flavus mai zuba guba a gyaɗa da masara. Bayan kamar mako a auna yaɗuwar mai cutar, a kwatanta da farantin da take ita kaɗai. Wani lokaci ma takan ja birki tun ba su haɗu ba, alamar ana sako mata wani sinadari.

Gwajin enzayim, wato sinadaran narkarwa da funfunar ke fitarwa, ya fi sauƙi. A shuka funfunar a abinci mai sitaci, a kwarara aidin: faranti zai yi baƙi-baƙi, in ban da kewayen da ta narkar. A abinci mai madara kuwa, fili garau a kewayenta yana nuna tana narkar da furotin.

Amma wadda ta yi nasara a faranti sau da yawa takan gaza a gona, inda rana da ƙasa ke da nasu hukunci. Kada a yi wa manomi albishir sai an gwada ta a jikin shuka mai rai.