Ina fulotin mai ƙaramin ƙarfi a kudancin kogin Kaduna?

Aikina tsara filaye da unguwanni ne, kuma yawancinsa a kudancin kogin Kaduna nake yin sa, daga Kakuri da Barnawa zuwa Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora. Taswirar rukunin gidajen da ake kawo mini in duba kusan duk iri ɗaya ce: manyan fulotai, katanga, ƙofa da mai gadi. Da wuya in ga an ware wa malamin firamare ko mai tura baro ko da rabin fuloti.

Wannan yanki kuwa ma'aikata ne suka raya shi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, Makera da Nasarawa suka cika da gidajen haya. Masaƙun sun durƙushe, mutanen suna nan, ga kuma waɗanda rikicin addini na 2000 da na 2002 ya sa suka tsallako kogi. Wanda awon gwamnati ya fi ƙarfinsa sai ya faɗa awon igiya. Dillali ya nuna masa fili a kwari ko bakin rafi, babu hanya, babu magudanar ruwa, shaidarsa takarda ɗaya mai sa hannun shaidu. Damina ta shiga masa ɗaki, ko ya wayi gari da jan fentin rusau a bango. Na sha tsayawa a irin gidajen nan, kuma abin yana damuna ƙwarai, don kuɗin gumi ne na shekaru.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana. Tunda haka ne, jiha tana da ikon gindaya wa mai gina rukunin gidaje sharaɗi kafin ta amince da taswirarsa: ya ware wani kaso na ƙananan fulotai, ko na ɗaki da falo, a farashin da mai albashi mafi ƙanƙanta zai iya biya kaɗan-kaɗan. Faransa ta yi doka a 2000 da ta wajabta wa garuruwa da dama gidajen masu ƙaramin ƙarfi kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa 25. Ra'ayina shi ne mu ma mu yi, kuma a sa fulotan kusa da titin da mota ke bi, ba can ƙurya ba inda kuɗin mota zai cinye rangwamen.

Kafin nan, don Allah, kada ka biya ko sisi sai ka kai bayanin filin hukumar filaye ta jiha, KADGIS, an duba ko na wani ne, ko hanya ce, ko mashigar ruwa. Kada ka haƙa tushe sai da izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA. In maƙwabta ne da yawa a awon igiya ɗaya, ku haɗu ku je tare, ku bar wa hanya da kwata wurinsu tun kafin a jera bulo.